Ajin 'Yan Mata a Damunar Kaɗe

Ku ukun da ofis ya turo mana makon jiya, na ji abin da kuka ce a baranda. Wai aji ɗaya wurin hutawa ne, wai duk wanda ya san A da B ai ya iya koyar da su. Ba zan yi gardama da ku a gaban yara ba, shi ya sa na rubuta. Ku karanta da kyau, don ban iya maimaita magana ba.

Shekarata shida ina riƙe da ajin 'yan mata a wannan makaranta ta En'e, wato ta hukumar gargajiya, da ke bakin Nyanshegu. Ni 'yar Zango ce. Ubana bafataken goro ne, shi ya kai ni Kudu na yi sakandare lokacin da ba a san mace da wannan ba a unguwarmu. Na dawo Tamale ina ganin babu abin da ya rage ban sani ba. Ranar da na fara aiki, hedimastanmu na wancan lokaci, Masta Iddi, bai ba ni aji ba. Ƙwarya ya miƙo mini, da gawayi, da ƙaro, ya ce in shafe baƙin allo.

Shafar allo ba wasa ba ce. Ana jiƙa ƙaro tun jiya, a daka gawayi, a tankaɗe, a kwaɓa su. In kwaɓin ya yi kauri, allo ya yi ƙyalli, yaran da ke gefe ba su ganin komai sai haske. In ya tsinke, alli ba ya kamawa. Sau uku na shafa, sau uku Masta ya zauna a kujerar ƙarshe kusa da taga, ya kalli allon, ya ce in wanke. A nan na koyi cewa ba daga inda malami ke tsaye ake duba allo ba, daga inda yaron da ya fi kowa nisa ke zaune ne. Fensirin allo ana karya shi gida uku kafin a raba. Guntun alli ba a yar da shi, ana tarawa a gwangwani, a niƙa, a sake dunƙulawa. Lissafi kuwa da karan dawa muke yi. Kowace yarinya da ƙullinta na goma, kuma ke za ki yanka su daidai da juna, in ba haka ba su yini suna faɗa a kan wadda nata suka fi tsawo.

Mu ma muna da abokan ciniki kamar kowane mai sana'a, sai dai namu ba su nemi kayanmu ba. Daga fada aka ce kowane gida ya ba da yaro, suka bayar ba da son ransu ba. Namiji akan haƙura da shi. Mace kuwa hannu ne aka cire daga aikin gida, kuma kullum akwai mai jiran dalilin da za a ce ta dawo.

Mu huɗu ne a makarantar a lokacin. Masta Iddi, da Malama Rabi mai aji biyu, da ni, da Baba Napari, dattijon Badagombe da ya yi shekara ashirin yana koyarwa ba tare da satifiket ba. Da rana mukan shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, akushi biyu, na maza da namu. Ban taɓa jin an kira mu taro ba. A kan tuwon nan ake jin ɗan wa ke zazzaɓi, da gidan da aka yi rasuwa, da yaron da ba ya jin magana don kunnensa ne ba ya ji. Ni ina ci ina duba agogo.

Abu biyu na Masta Iddi na ɗauka sakaci ne. Na farko, da zarar ruwan farko ya sauka, sai ya ce ajina ya riƙa farawa da hantsi, ba da ƙararrawar safe ba. Na biyu, duk Juma'a bayan masallaci shi da Baba Napari sukan ɗauki goro su shiga unguwa, ba sa dawowa sai la'asar. Sau ɗaya ya ce in bi su. Na ce masa ban yi sakandare don in riƙa tsugunawa a ƙofar gidajen mutane ba. Bai sake kira na ba.

A shekarata ta biyu aka shiga buɗe sababbin makarantu a ƙauyuka. Takarda ɗaya ta kwashe mana Masta Iddi da Malama Rabi cikin mako guda. Aka kawo Masta Bawa daga wajen Bawku, mutum mai tsafta da bin doka, wanda bai taɓa riƙe makaranta ba, yana kuma tsoron ofis kamar mutuwa. Aka kawo Ticha Efuwa daga bakin teku, da satifiket ɗinta sabo fil, ba Hausa, ba Dagbanci. Turanci kawai ke haɗa mu da ita.

Masta Bawa ya fara da jadawali. Ya rubuta shi da jan tawada ya manna a ƙofa. Da ya duba takardun Baba Napari ya ga babu satifiket, sai ya karɓi ajinsa ya haɗa da nasa, ya ce dattijon ya riƙe lambu da ƙararrawa. Baba Napari ya ce to. Tabarmar rana ta mutu ba wanda ya kashe ta. Masta yana ci a ofis, Efuwa tana cin dokunu, tuwon masarar mutanen Kudu, a ajinta ta rufe ƙofa, Baba Napari a lambu. Ni kuwa na ji daɗi, na ce yanzu makaranta ta zama makaranta.

Ruwan farko ya sauka, kaɗe ya fara zuba. Ranar wata Talata Efuwa ce ke tsaron ƙofa. An buga ƙararrawa, a ajina yara shida ne cikin ashirin da biyu. Da hantsi sauran suka ɓullo a jere, kowace da ƙwaryar kaɗe a ka, ƙafafu duk laka. Doka ta ce wanda ya makara bulala biyu. Efuwa ta jera su ta fara. Da ta zo kan wata Fuseina, 'yar shekara takwas, yarinyar ta ƙi sauke ƙwarya ta miƙa hannu. Efuwa ta yi mata magana da Turanci, ba ta ji ba. Ta kama hannun da ƙarfi, ƙwaryar ta faɗi ta tsage, kaɗe ya watse a ƙasa, yaran aji uku suka tattaka shi suna dariya. Ina tsaye a taga ina kallo. Na san a bara ba a dukan su a kan wannan, amma ban fito ba.

Washegari yara shida. Jibi shida. A makon ne takarda ta zo daga ofis cewa Baturen makarantu zai zo dubawa cikin wata, kuma duk ajin da masu zuwa ba su kai rabin rajista ba za a rufe shi. Rufe ajina yana nufin a zuba shidan nan cikin maza, kuma kowa a Nyanshegu ya san ranar da aka yi haka, su ma shidan an gama da su.

Na ɗauki rajista na bi gidaje. A rajista sunan uba ake rubutawa, don haka iyaye maza na nema. Na yi musu bayani da Dagbancina na kasuwa, a tsaye, da sauri, don gida goma sha shida ne a gabana. Kowane ya saurare ni, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya kai mu gobe. Gobe ta yi, yara shida. Na dawo na tarar da Efuwa a baranda, na gaya mata a gaban Masta cewa ta zo daga Kudu ta kashe mini aji cikin rana ɗaya. Da yamma na ga tana rubuta takardar neman a mayar da ita gida.

Sai na juya kan Baba Napari. Na same shi a lambu yana kafa wa wake sanduna. Na ce masa yana zaune yana kallo makaranta na rushewa, shi ko a jikinsa.

Ya ci gaba da ɗaure sanda. Da Hausarsa ta Dagomba, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Wa ya tambaye ni, 'yar Zango? Masta ya ce ƙararrawa, na buga ƙararrawa."

Na ce to ga shi na tambaye shi.

"Ka tafi wurin uban yarinya," in ji shi. "Uban yarinya ba shi da yarinya. Tun da aka yaye shi ya ba 'yar'uwansa. Pirba ne ke da shi."

Pirba ita ce gwaggo, 'yar'uwar uba. A wurin Dagomba ita ke riƙon 'yar ɗan'uwanta, ita ke koya mata aiki, ita ke cewa ta je ko kada ta je. Kaɗen da yaran ke tsinta ma na gwaggon ne, da shi take yin man da za ta ci shekara. Shekara biyu ina kiran sunayen yaran nan kowace safiya ban san a wane gida suke kwana ba. Masta Iddi ya yi alkawari da gwaggonin tun kafin in zo: su ba shi yaran, shi kuma ya bar musu safiyar kaɗe. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Yana cikin kansa ne da na Baba Napari, kuma shi ne abin da goron Juma'a ke sabuntawa.

Na ce ya ba ni sunayen in je yanzu. Ya ce ba zan je ba. Ya ce mu huɗun za mu je tare, gidan Mma Sanatu, gwaggon Fuseina, wadda sauran matan ke dubawa kafin su yi motsi. Kuma gaisuwa za mu je, wanda ya ambaci makaranta ya ɓata tafiyar.

Shawo kan Masta Bawa ya ɗauki kwana biyu. Ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, ba ya roƙon tsofaffi. Baba Napari ya tambaye shi ko a Bawku a tsaye yake gaida gwaggonsa. Efuwa kuwa ba ta yi gardama ba. Ta tambaya kawai me za ta ce. Ni aka ba aikin koya mata, wato ni da na zage ta shekaranjiya. Muka shiga ajina bayan an tashi, muka rufe ƙofa. Na ba ta zanena ta ɗaura a kan siket ɗinta, don ba a iya tsugunawa da siket. Na nuna mata yadda ake durƙusawa, kai ƙasa, a ce dasiba, wato ina kwana, kuma duk abin da babba ya faɗa a amsa da naa. Ta tsuguna ta faɗi baya sau biyu. A na biyun ta yi dariya, ni ma na yi, kuma wannan ne karo na farko da na ga haƙoranta.

Mun sami Mma Sanatu a tsakar gida da hantsin Juma'a, hannunta cikin babban kasko har gwiwa, tana bugun man kaɗe. Muka tsuguna. Baba Napari ya ja gaisuwa, kwana, gajiya, ruwa, yara, awaki. Ta amsa masa ba ta ɗago ba. Ya ajiye goro, ba ta duba ba. Ni kuwa bakina na ƙaiƙayi. Baba Napari ya yi mini wani kallo, na haɗiye maganata.

Can Mma Sanatu ta tambaya wacece mai bulalar. Kafin a fassara, Efuwa ta gane. Ta matso a tsugune, ta ce da Hausar da ban san ta tsinta ba, "Mma, ni ne. Ni ya yi laifi."

Tsohuwar ta tsame hannu daga kasko, ta kama hannun daman Efuwa, ta juya shi. Hannun ya tsattsage da alli da busasshiyar iskar nan da mutanen teku ba su saba da ita ba. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta tambayi Baba Napari ko yarinyar nan tana da uwa a garin nan. Ya ce babu. Gwaggo fa? Babu. Wa ke ba ta tuwo? Babu, kuma amsar ba ta yi wa kowa a cikinmu kyau ba. Mma Sanatu ta lakato mai daga wanda ya riga ya daskare, ta shafe mata hannun, yatsa bayan yatsa, ta ce mu tashi rana ta yi. Ba ta ce komai game da yara ba.

A hanya na ce tafiyar banza muka yi. Baba Napari ya ce goron ai ba a dawo mana da shi ba.

Ranar Litinin Efuwa ta iso makaranta a makare, ƙafarta duk laka, ƙasan zanen da na ara mata a jiƙe da raɓa. Ashe da asuba ta je ƙofar Mma Sanatu ta bi matan daji. Ta shiga ofishin Masta kai tsaye, ni a bayanta. Ta gaya masa cewa yaran nan har bayan ƙauyen Dungu suke zuwa, cewa kaɗen da ya kwana a ƙasa in ba ka riga wani ba ka rasa shi, cewa ta ga 'yar shekara bakwai tana kaɗa ciyawa da sanda saboda maciji kafin ta sa hannu. Ta ce ita ba za ta sake tsayawa a ƙofa da bulala ba, ya rubuta wa ofis in ya so. Takardar neman komawa gida kuwa ban sake ganin ta ba.

A ranar ne muka zauna mu huɗu a gindin ɗorawa muka gyara aikin, kowa da kwanonsa a hannu. Masta ya ce awannin da ofis ya ƙayyade ba za a rage ko ɗaya ba. To, ajina zai fara da hantsi ya tashi da la'asar. Safiyata da ta zama wofi zan yi ta a ajin Efuwa ina yi mata tafinta, don wata uku tana koyar da yaran da ba su jin abin da take faɗa. Ita kuma ta tsaya bayan tashi ta karɓi lissafin 'yan matan, don ta fi ni iya shi, kuma na faɗa a gaban kowa. Baba Napari ya koma ajinsa da safe. Masta ya ce zai rubuta duk wannan a littafin makaranta da hannunsa, in za a kori wani a kore shi. Ya kuwa rubuta. Da yamma Baba Napari ya kai wa Mma Sanatu saƙo.

Yara suka fara dawowa da ɗaɗɗaya. Tara, sha ɗaya, sha huɗu, wata rana kuma a koma goma.

Baturen ya zo ba sanarwa, da sassafe, ana gama buga ƙararrawa. Ajina ya fara shiga. Yara biyar, don ɗaya cikin shidan da ba sa zuwa kaɗe tana ciwon ido. Ya dubi rajista, ya dubi benci, ya zaro alƙalami. Masta Bawa ya miƙa masa littafin makaranta a buɗe, ya ce ya karanta, ya kuma roƙe shi ya jira zuwa hantsi. Baturen ya ce ba shi aka ba ikon canza jadawali ba, kuma akwai wata makarantar a gabansa. Sai Baba Napari ya matso ya ce ai dokar ofis ce a duba lambu, kuma shi ne mai lambun. Ya kai shi ya nuna masa wake kunya bayan kunya, ya nuna masa ramin taki, ya nuna masa inda gara ta ci shinge da yadda aka yi da ita. Daga nan Efuwa ta tare shi ta ce ajinta sun shirya masa karatu. Ta sa yara talatin suka karanta, kowane shi kaɗai.

Ina tsaye a bakin hanya ina duba wajen Dungu. Rana ta ɗaga sosai kafin na hango su, a jere, ƙore a ka, Mma Sanatu a gaba da sandarta. Suka sauke kaɗen a gindin ɗorawa, suka wanke ƙafa, suka shiga. Baturen ya ƙirga da kansa, sha tara. Ya sa wata ta rubuta sunanta, ya sa wata ta cire bakwai daga goma sha biyu. Ya rubuta cewa aji ya tsaya, jadawali kuma ya koma yadda yake da zarar kaɗe ya ƙare. Ya ja wa Masta kunne cewa nan gaba ya nemi izini tukuna. Masta ya ce to, ranka ya daɗe, kuma duk shekara tun daga nan yana nema.

Fuseina ba ta cikin sha taran. Mma Sanatu ta kawo 'ya'yan mutane ban da tata. Ta gaya wa Baba Napari a bakin ƙofa cewa an zubar wa yarinyar da kaya a gaban mutane, an yi mata dariya, kuma ita ba ta mayar da yaro inda aka yi masa dariya. Na buɗe baki zan yi magana, Efuwa ta taka mini ƙafa.

Tun daga ranar, duk Juma'a Efuwa na zuwa gidan. Mu ma muna zagayen goro mu huɗu, amma wannan gidan ita kaɗai take komawa bayan mun watse. Tana tsuguna, tana gaisuwa, tana cin tuwo, tana komawa da ɗan curin mai a ganye. Shekara huɗu ba ta ambaci makaranta a tsakar gidan nan ko sau ɗaya ba. Na sha ce mata ta tambaya mana, me ake jira, ta ce Baba Napari ya ce wanda ya ambata ya ɓata tafiyar. Fuseina ta girma, ta iya bugun mai fiye da gwaggonta, ba ta san ko harafi ɗaya ba. Wannan asararmu ce, ni da na tsaya a taga da wadda ta riƙe bulala, kuma ba mu da yadda za mu mayar.

Makon jiya, ranar da kuka iso kuna ta surutu a baranda, wata tsohuwa ta shigo da sanda ta wuce ku ba ta kula ku ba. Ita ce Mma Sanatu. Yarinyar da ta riƙo ƙanwar Fuseina ce, sunanta Ayishetu. Ba ta kai ta ofis ba, ba ta kawo mini ba. Ta sa hannunta cikin hannun Efuwa, ta ce ga 'yar'uwarki nan, ta juya.

Tana ajina yanzu, benci na biyu, kusa da bango. Ba ta yi magana da kowa ba tukuna, kuma fensiri take damƙewa kamar muciya. Ranar Litinin ɗayarku za ta zauna kusa da ita ta gyara mata riƙon, a hankali, ba tare da sauran yara sun lura ba.